Kafin Ku Shiga Faɗan Katun

Ɗana, 'yata, ku da kuka fara ajiye iyali, da ku da kuke gaban iyaye har yanzu amma ɗawainiyar ƙanne ta hau kanku, ku matso mu yi magana a kan wata gardama da na ga kun tsunduma cikinta da ƙarfinku. Gardamar katun ce, fina-finan zanen nan da ake yi domin yara. Ba a rufa wata uku sai wani guntun bidiyo ya zagaye wayoyi, an ɗora masa muryar wani bawan Allah yana sallallami, wai an gama da tarbiyyar 'ya'yanmu. Kafin la'asar kun rabu gida biyu. Waɗannan na cewa a hana katun kwata-kwata, makirci ne. Waɗancan na cewa ƙauyanci ne, zane ne kawai, mu ma da Tom and Jerry muka tashi, me ya same mu? Kowane ɓangare da 'yar gaskiyarsa, kuma kowanne ya yi gaggawa. Da wuya a cikinku a sami wanda ya zauna ya kalli fim ɗin da ake faɗan a kansa tun daga farko har ƙarshe.

Ku fara sanin inda wutar ta tashi. Faɗan nan ɗan Amurka ne, can aka haife shi. A watan Maris na 2022 gwamnan jihar Florida, Ron DeSantis, ya sa hannu a wata doka da ta hana malamai koyar da batun jinsi da sha'awar jinsi ga ƙananan yara, har zuwa aji uku na firamare. Kamfanin Disney, wanda babban filin wasanninsa yake a jihar, ya yi gum da bakinsa tun dokar tana gaban majalisa. Ma'aikatansa suka yi masa bore. Shugabansa na lokacin, Bob Chapek, ya ba su haƙuri, kamfani ya fito ya soki dokar. Gwamna ya ce to, tunda kun shigo siyasa, bismillah. Ya sa majalisar jiha ta karɓe ikon da kamfanin yake da shi tun 1967, na tafiyar da yankin filin wasan kamar ƙaramar hukumarsa ta kansa. Aka yi ta shari'a, sai a 2024 aka sasanta.

A tsakiyar wannan ƙurar fim ɗin kamfanin mai suna Lightyear ya fito, a watan Yuni na 2022. A cikinsa akwai wata 'yar sama jannati da ta auri mace irinta, da wani wuri da suka sumbaci juna, abin da bai wuce ƙiftawar ido ba. An riga an cire wurin tun ana haɗa fim, bayan boren ma'aikata aka mayar da shi. Bai samu shiga silima ba a ƙasashe fiye da goma, ciki har da Saudiyya, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Kuwait, Masar da Malesiya. An kashe masa kimanin dala miliyan 200, abin da ya tara a duk duniya bai kai miliyan 230 ba, wanda a lissafin 'yan fim faɗuwa ce, don masu gidajen silima na da kasonsu, ga kuɗin talla. Bayan wata biyar Strange World ya biyo baya, da matashi mai son wani matashi, shi ko miliyan 80 bai haɗa ba. Har gobe Amurkawa na musu, shin jigon ne ya kori mutane ko labarin ne ba gishiri; a nawa ganin kowanne da hannunsa a ciki. Sai ga shi a ƙarshen 2024 kamfanin ya cire batun sauya jinsi daga shirin Win or Lose tun kafin ya fito, da hujjar cewa iyaye da yawa sun fi son su yi irin wannan magana da 'ya'yansu da kansu, a lokacin da suka ga ya dace.

An cire, an mayar, an sake cirewa. Halin ɗan kasuwa ke nan mai duba inda iska ta kaɗa. Shi ya sa ba na so ku ɗauki kamfanin nan a matsayin malamin wayar da kai, ba na kuma so ku mai da shi dodon da ke kwana yana ƙulla yadda zai lalata yaron Fagge ko na Damagaram. A cikinsa akwai masu zane da marubuta da suka yi imani da abin da suke sakawa, su da bakinsu suke faɗi. Amma mai ta-cewa a ƙarshe shi ne wanda littafin ciniki ke hannunsa.

Ba cewa nake ku saki baki ba. Uwar da ta ce fim kaza ba zai shiga gidana ba, don ya saɓa wa addinina da tarbiyyar da nake so, tana kan haƙƙinta, ba sai ta nemi izinin kowa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Roƙona shi ne ku hana da sani. Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike idan labari ya zo, kada mu afka wa mutane cikin rashin sani mu dawo muna nadama, kuma ban ga inda aka togace labarin waya ba. Na sha ganin an turo hoto wai daga fim ɗin yara ne, alhali wani ne ya zana abinsa ya liƙa sunan kamfani, ko kuwa daga katun ɗin manya aka yanko. Wanda ya tura bai duba ba, wanda ya karɓa ya ƙara gishiri. Illar gida take dawowa. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu da kika ce wa fim kaza cike yake da batsa, gobe za ta gan shi a gidan ƙawarta, ta yi ta jiran batsar har ya ƙare ba ta gani ba. Daga ranar, in kika ce mata wuta ce, sai ta sa yatsa ta taɓa. Ki faɗa mata abin da ke ciki daidai, ba ƙari ba ragi, ki faɗa mata dalilinki. A kuma bar zagi da tsinuwa a gaban yara. Yaron da ya ji ubansa na ɗura wa mutanen da bai taɓa gani ba ashar, ashar ɗin ya koya, kuma a kan ƙaninsa zai fara gwada ta.

Wani abin da ƙuruciya ke ɓoye muku shi ne faɗan ya girme ku, ya girme ni. Da Bambi na Disney ya fito a 1942, labarin ɗan barewar da aka harbe uwarsa, mafarautan Amurka ne suka tayar da jijiyar wuya, wai an zubar musu da mutunci a idon 'ya'yansu. A 1946 aka yi Song of the South, rabi mutane rabi zane, wanda ya nuna baƙaƙen fata na gonakin kudancin Amurka suna ta waƙa da murmushi kamar ba su da wata damuwa a duniya. Ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙen fata ta yi tir da shi tun a lokacin, yau kuma kamfanin da kansa ya kulle shi a akwati, bai sa shi a Disney+ ba. Wanda ya fi kusa da mu shi ne Aladdin na 1992. Waƙar buɗe fim ɗin ta siffanta ƙasar Larabawa da wurin da ake yanke wa mutum gaɓa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Miyagun ciki an ba su manyan hanci da gwamutsattsen Turanci, shi kuwa Aladdin da gimbiyarsa bakinsu tas, irin na 'yan Amurka. Larabawan Amurka ba su tsaya ga tsinuwa ba. Ƙungiyarsu ta yaƙi da wariya ta zauna da kamfanin, ta nuna baitin, ta faɗi illarsa, da za a fitar da kaset a 1993 aka sauya shi. Ba duk abin da suka nema suka samu ba, amma sun samu wani abu, don sun san takamaiman abin da suke kuka a kai.

A wancan lokacin su ne aka ce sun cika ƙorafi, ai zane ne kawai. Maganar da wasunku ke yi yau don kashe zance, da ita aka so rufe bakin masu kare mutuncin mutane irinmu. Ku kuma masu tura bidiyon Amurkawan da ke kukan an cusa siyasa a katun, ku saurari kukan nasu har ƙarshe. A cikinsu akwai iyaye masu damuwa irin taku. Akwai kuma waɗanda a buhu ɗaya suka zuba batun jinsi da na baƙar fata da na baƙi 'yan ci-rani. Irinsu ne suka yi ta ɓaɓatu da aka ba baƙar yarinya, Halle Bailey, matsayin 'yar ruwa a sabon The Little Mermaid na 2023. Wanda ya ji haushin ganin fuska irin ta 'yarka a allo, don kun haɗu a kan magana ɗaya yau, kada ka ɗauka ɗan gidanku ne. Ɗauki abin da ya dace da kai a hujjarsa, ka bar masa sauran kayansa.

Inda na fi ganin haɗarin aron fushi shi ne Turning Red, na Domee Shi, shi ma na 2022. Yarinya ce, Mei, 'yar shekara 13, 'yar asalin Sin a birnin Toronto, wadda duk sanda zuciyarta ta motsa, ko da fushi ko da murna, sai ta rikiɗa ta koma wata ƙatuwar jar dabba mai gashi. Ranar da abin ya fara samunta ta ɓuya a banɗaki, uwar ta zaci al'ada ce ta zo, ta rugo da audugar mata da magani. A kan wannan wasu iyaye a Amurka suka ce fim ɗin bai dace da yara ba, sai na ji 'yan'uwanmu sun ɗauko kukan yadda yake. Abin ya ba ni mamaki. Mu da 'ya'yanmu mata ke karanta babin haila a Ahalari da Risala a Islamiyya, malam na fassara musu kwanakinta da hukuncin salla da azumi? Addininmu bai mai da wannan abin ɓoyo ba. Kunyarmu ce ta sa wasu iyaye mata ke jin nauyi, har yarinya ta ga jini ta shige ɗaki tana kuka ta zaci ciwo ne, ko ta tafi wurin ƙawa ta ɗebo bayanin da ba kai ba gindi. Idan wani fim ya ba uwa hanyar fara maganar da ta rasa ta inda za ta ɓullo mata, ban ga abin tsinuwa ba.

Abin da ya cancanci a tsaya a kai a fim ɗin daban ne, masu kukan audugar ba su kai can ba. Mei tana yi wa uwarta ƙarya, tana tara kuɗi a ɓoye, ta gudu wasan mawaƙan samari da aka hana ta, kuma labarin ya ƙare yana bayanta. Uwar ma da nata: bin diddigi, laɓewa a bakin makaranta tana leƙen 'ya, kunyata ta gaban jama'a. Wannan ita ce hirar da ta dace uwa da 'ya su yi bayan an kashe talabijin. Ina Mei ta yi daidai, ina ta kauce, me kuma ya sa ta kasa gaya wa uwarta gaskiya? Tambayar ƙarshen nan, 'yata, ba yarinyar kaɗai ake yi wa ba.

Wannan jigon, na yaron da ya bijire wa babba kuma a ƙarshe babban ne ya sauko, shi ya fi yawa a katun ɗin Amurka, kuma su Amurkawa ba su cika faɗa a kansa ba, don a wurinsu ruwan sha ne. 'Yar ruwan tsohon The Little Mermaid na 1989 ta saɓa wa ubanta ta sami abin da take so. Moana ta 2016 ta ƙetare iyakar tekun da uba ya gindaya, ta ceci tsibirinsu. Miguel na Coco ya karya dokar gidansu ta hana kiɗa. In yaro ya sha wannan sau ɗari, zai tashi da zaton duk hanin babba shinge ne da jarumi ke tsallakewa. Ba kullum labarin ke ƙarya ba. Akwai manya masu hana abu don tsoro kawai, ko don haka suka tarar. Amma mu mun san ɗaya rabin, cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma wannan rabin ba wanda zai sa muku shi a fim, ku za ku kawo shi. Haka batun aƙida. An gina Coco ne a kan bikin matattu na Meziko, inda mamaci ke dawowa ziyara in an ajiye hotonsa, yake kuma ɓacewa ɗungurungum in an manta da shi. Soul na 2020 ya zana wa yara inda rayuka suke kafin haihuwa da inda za su bayan mutuwa. Ban ga ana ta yawo da saƙon gargaɗi a kansu ba, don babu Ba'amurken da ya fara kukan da za a ara. Ga yaro ɗan shekara shida da kakarsa ta rasu bara, tambayar da Coco zai tayar masa ta fi waccan sumbar nauyi nesa ba kusa ba. Amsar ba ta da wuya: haka mutanen wata ƙasa suka ɗauka, mu ga abin da muka yi imani da shi, zo mu yi wa Hajiya addu'a. Amma sai kana wurin za ka ji tambayar.

Kada kuma tsoro ya sa ku zubar da alheri. Zootopia na 2016 birnin dabbobi ne, masu cin nama da masu cin ciyawa na zaune lafiya, sai wata tunkiya, mataimakiyar magajin gari, ta shirya a riƙa harbin masu cin naman da wani dafi mai haukatarwa, don masu rinjaye su tsorata su taru a bayanta. Akwai wurin da uwa ta janye 'yarta daga kusa da wani fasinja a jirgin ƙasa, bai yi musu komai ba, jinsinsa kawai ta duba. Wanda ya zauna Jos ko Kaduna a shekarun rikici ba sai an fassara masa wannan ba. Encanto na 2021, labarin wani gida a Kolombiya, tushensa gudun hijira ne: an kashe miji a hanya, matar ta tsira da jarirai uku, tsoron sake rasa gida ya mai da ita kaka mai tsanani da ke auna kowane jika da amfaninsa. Gidaje nawa ne irin wannan yau a Maiduguri da Diffa da Zamfara? Inside Out 2 kuwa, wanda ya tara kusan dala biliyan 1.7 a 2024, ya ba fargabar yarinya mai tasowa siffa da murya, yadda yaro zai nuna allo ya ce, ni ma wannan abin yana zo mini da dare in za a yi jarrabawa. Mai cewa a tsame saƙo daga labarin yara yana neman abin da ba a taɓa yi ba. Tatsuniyoyin da aka yi mana a tsakar gida, na marainiya da kishiyar uwa, na Gizo da kwaɗayinsa, duk da manufa aka saƙa su. Sai dai mai ba da labarin tana zaune gabanka, ta san ka, ta san ɓarnar da ka yi da rana, ta karkata labarin ya nufo ka.

Ga inda nake ganin an bar jaki ana dukan taiki. Fim ɗin babban kamfani, ɗaruruwan mutane sun yi shekaru a kansa, hukumomin tace fina-finai sun gani, 'yan jarida sun tsefe shi. Ko ba ka yarda da shi ba, kana iya sanin abin da ke ciki kafin ya shigo maka gida. Abin da ke hannun yaranku yawancin yini ba shi ba ne. Uwa na tuƙa tuwo, ɗan shekara biyu na jan zaninta yana kuka, ta goge hannu ta danna masa waƙar yara a waya ta miƙa masa. Ya yi tsit. Waƙar ta ƙare, wata ta shigo da kanta, wata ta bi ta, ɗan yatsansa mai maiƙo na ta shafa gilashin. Kafin a kwashe tuwo ya yi nisan da ita kanta ba ta san hanyar ba. Ba laifinta nake gani ba, hannu biyu gare ta. Amma ku sani, a 2017 aka bankaɗo dubban bidiyoyi a YouTube da aka yi da siffofin da yara suka sani, Elsa ta Frozen da Spider-Man da Peppa Pig, cikin allura da jini da duka da abubuwan da baki ba zai faɗa ba, an lulluɓe su da sunaye irin na shirin yara don na'ura ta riƙa turo su. Wasu har cikin manhajar YouTube Kids suka kutsa. A watan Nuwamba na shekarar kamfanin YouTube ya ce ya goge sama da bidiyo 150,000. Irin waɗannan ba a gardama a kansu a majalisarku, don ba su da suna, ba su da fosta.

Haka wurin masu tura fim a kasuwa. Ka miƙa memori ka ce a cika maka da na yara, yaron shago ya kwaso duk abin da aka rubuta wa katun ya juye maka. Shi ma bai kalla ba. A ciki kana iya samun Family Guy ko South Park ko Sausage Party, zane ne amma na manya zalla, masu yin su ma ba su ce na yara ba ne. Ko irin na Japan, kamar Attack on Titan da ake cin mutane ɗanye. Alamomin nan da ake sawa, G da PG da PG-13 da R a tsarin Amurka, ko 12 da 15 da 18 na hukumar tace fina-finai ta Najeriya, suna da amfani, sai dai da mudun wasu aka auna. Lightyear da Turning Red duka PG ne, wato iyaye su duba. To ku duba ɗin. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allo, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Na san a gidan da ba mai taya reno wannan da wuya, amma ko rabinsa aka samu an rage. Ku kashe abin nan da ke sa bidiyo bin bidiyo da kansa. Ku sauke 'yan fina-finan da kuka riga kuka gani, ku rufe data. Kallo ya zama inda ido ke kaiwa, ba cikin bargo ba.

Ɗana, wannan ba aikin mata kaɗai ba ne. Yawancin fina-finan nan awa ɗaya da rabi ne, daidai da wasan ƙwallo ɗaya da kake biyan kuɗi a gidan kallo ka gani. Zauna da su. Kada ka mai da wurin aji. In ka riƙa tsayar da fim kowane minti biyar kana wa'azi, mako mai zuwa za su jira ka fita. Ka yi dariya inda ake dariya. In an gama, ana ɓare gyaɗa, ka jefa tambaya ɗaya: wa ya fi burge ka? Da kai ne, ya za ka yi? Sau da yawa wurin da ya hana ka barci shi ko lura bai yi ba, wani wurin da ka raina shi ne ya tsaya masa a rai. Ta nan za ka san ɗanka, ka san fim na gaba da za ka bari da wanda za ka hana, da hujjar da shi ma zai gane. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba a tanƙwara shi da aike.

Saura ku masu baiwar hannu, masu zane a bayan littafin makaranta, masu kwana gaban kwamfuta. Na ji kuna cewa ba mu da kayan aiki. Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya kafa wurin aikinsa a Tawa, tun shekarun 1960 yake katun. Bon Voyage Sim na 1966 labarin shugaban ƙasar kwaɗi ne da ya tafi ziyarar aiki da duk tarkacen fareti da gaisuwar ban girma, shaguɓe ga shugabannin Afirka na bayan 'yancin kai, cikin kimanin minti biyar, kuma da hannu ya zana. A Abuja Adamu Waziri ya ƙirƙiro Bino and Fino don yaran Afirka su ga masu kama da su. Kamfanin Kugali, na matasa 'yan Najeriya biyu da ɗan Yuganda, ya jawo Disney aka yi Iwájú a 2024, labarin Legas ta nan gaba, da ratar da ke tsakanin 'yar mai kuɗi ta tsibiri da ɗan talaka, har da satar mutane. Sinawa sun ɗauko tsohuwar almararsu suka yi Ne Zha 2, a 2025 ya haura dala biliyan 2, ya zarce duk katun ɗin da aka yi kafinsa. A shekarar ce kuma wani ɗan ƙaramin fim daga Latbiya, Flow, labarin kyanwa cikin ambaliya, babu magana ko ɗaya a cikinsa, ya lashe kyautar Oscar a gaban Inside Out 2. Da manhajar Blender aka yi shi, wadda kyauta ce, kowa na iya saukewa.

Mu kuwa Ruwan Bagaja na nan, Magana Jari Ce na nan, ga Sarauniya Amina, ga Bayajida da rijiyar Kusugu, ga Gizo da Ƙoƙi. Kannywood ta nuna akwai masu kallo, fassarar fina-finan Indiya ta nuna akwai masu murya. In kun tashi yi, ga tarkon da zan nuna muku tun yanzu: za ku so ku rama, ku cika shi da darasi, kowane yaro a ciki mai ladabi, kowane babba mai gaskiya, a rufe da malam yana jan hankali. Yara za su kalla sau ɗaya don an tilasta su, su koma wa na waje. Gizo ya daɗe a bakin mutane ne don maƙaryaci ne, mai haɗama, mai ban dariya, kuma yakan sha wuyarsa ba tare da kowa ya tsaya yin bayani ba. Kafin ku zana ko layi ɗaya, ku rubuta labarin, ku tara yaran unguwa bayan isha'i ku ba su shi da baki. Ku sa ido a kan wurin da suka fara mutsu-mutsu da tsokanar juna, ku koma ku gyara wurin, ku sake tara su.